Jinin Dasashi da Awon CRP: Kada Takardar Labo ta Hana a Duba Baki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon fili a wannan jarida mu tofa albarkacin bakinmu kan wani abu da ke ƙara yawa a nan Yamai, wato neman gano ciwon dasashi ta awon jini ko awon miyau. Mu ma'aikatan lafiyar baki ne da na ɗakin awo, wanda jama'a suka fi sani da labo.

Mutum zai yi watanni yana ganin jan jini a bakin asawakinsa kowace asuba. Maimakon ya buɗe baki a duba, sai ya biya kuɗin awon CRP, wani furotin da ke ƙaruwa a jini in akwai kumburi a jiki, takarda ta fito ba ta nuna komai ba, ya ninke ta ya sa aljihu yana hamdala. Wani kuma tasa ta fito da adadi mai tayar da hankali, ya ɗora wa haƙoransa laifi, alhali masassarar cizon sauro ce ke cin sa. Alamomin kumburi da ake aunawa a jini da miyau ilimi ne mai tushe, ba mu musun wannan. Sai dai har yau ba su kai matsayin yanke hukunci kan bakin mutum guda ba, kuma a garinmu akwai dalilai na musamman da ke sa su yi kuskure.

Ciwon yana farawa da dauɗa mai yauƙi da ke manne a gindin haƙori, wadda galibinta ƙwayoyin cuta ne. A 1965 wani likita mai suna Harald Löe, a ƙasar Danmak, ya sa mutane masu lafiyayyen baki suka daina goge haƙora. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya warke cikin kusan mako guda. Wannan matakin farko ne, yana komawa daidai. Idan aka bar dauɗar ta daskare ta zama kamar dutse, a wasu mutane sai dasashi ya fara rabuwa da haƙori, aljihu ya buɗe tsakaninsu, ƙwayoyin da ba sa son iska irin su Porphyromonas gingivalis su samu mazauni. Daga nan ƙashin da ke riƙe da haƙori ke soma zaizayewa, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, sama da mutum biliyan 1, na ɗauke da mai tsananin wannan ciwo.

Abin da ya kamata a gane shi ne, yawancin ɓarnar ba ƙwayoyin cutar ke yin ta da hannunsu ba. Garkuwar jiki ce ke yi a garin faɗa da su. Fararen ƙwayoyin jini suna kwarara cikin aljihun, suna sakin wani sinadari mai suna MMP-8, wanda ke yanka zaren da ya ɗaure haƙori da ƙashi. Wasu ƙwayoyin suna fitar da sinadaran aika saƙo, IL-1 beta da TNF alfa da IL-6, masu kiran ƙarin dakaru. Wani kuma mai suna RANKL shi ke tayar da ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi. Waɗannan duka suna tsiyaya daga aljihun su gauraya da miyau, shi ya sa ake iya auna su a can.

Yadda suke isa jini kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon cikin aljihun gyambo ne a buɗe. Idan aka haɗa faɗin aljihunan baki guda mai wannan ciwo, masana sun ƙiyasta yana kaiwa santimita murabba'i 8 zuwa 20. Da a ƙafa gyambo mai wannan girma yake, babu wanda zai kwana da shi shekara goma, amma da yake a ɓoye yake kuma ba ya zafi, sai a bar shi. Tauna tsire ko goge baki da ƙarfi kan tura ƙwayoyin cuta cikin jini na ɗan lokaci. Sinadarin IL-6 yana kaiwa ga hanta, hanta kuma ta amsa da fitar da CRP.

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙarin CRP da ciwon dasashi ke jawowa ƙarami ne, a matsakaici miligiram 1 zuwa 2 a litar jini, kuma bayan magani yakan ragu da kusan rabin miligiram. Awon da ya fi sauƙin samu a ƙananan ɗakunan awo shi ne na kati. Ma'aikaci zai ɗiga ruwan jini a kan baƙin kati, ya ɗiga farin ruwan gwaji kusa da shi, ya gauraya da tsinke, ya riƙa karkata katin minti 2 yana duba ko zai tsinke kamar nonon da ya yi tsami. Wannan awo ba ya ganin abin da bai kai miligiram 6 a lita ba. Ke nan mai miligiram 0.5 da mai miligiram 4 takarda iri ɗaya za su karɓa, kamar a auna zinari da sikelin buhun gero. Katin bai yi ƙarya ba, an tambaye shi abin da ba a ƙera shi don shi ba.

Awon da ke ganin ƙananan adadi shi ne hsCRP, wanda inji ke yi. A ma'aunin da likitocin zuciya ke bi tun 2003, ƙasa da miligiram 1 kaɗan ne, 1 zuwa 3 tsaka-tsaki, sama da 3 ya yi yawa. In ya haura 10, ba a fassara shi da wannan ma'auni, sai a nemi wata cuta mai zafi a jiki, a sake awon bayan mako 2. Ko da an samu injin, CRP hayaƙi ne kawai, yana cewa akwai wuta a gidan, ba ya faɗin ɗakin da take. Masassarar cizon sauro na iya kai shi gomomi, har sama da 100. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya yi ƙamari, duk CRP da ya tashi a garin nan sai a fara da gwajin masassara kafin a waiwayi baki. Tarin fuka, ciwon mafitsara, ƙurji, tashin ciwon sikila, ƙiba, shan taba, juna biyu, har ƙwayar tazarar haihuwa ta haɗiya mai sinadarin istirojin, duk suna ɗaga shi. Maganin rage kitsen jini kuma yana saukar da shi.

Akwai kuskuren lokaci ma. CRP yana fara tashi cikin awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen kwana 2, kuma rabinsa na barin jini cikin kusan awa 19 in abin da ya tayar da shi ya gushe. Wankin haƙori mai zurfi shi kansa yana tayar da shi. Wani bincike da aka yi a Landan kan mutum 120, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa kwana guda bayan irin wannan aiki CRP da IL-6 sun yi sama, amma bayan wata 6 jijiyoyin jinin waɗanda aka yi wa aikin sun fi na sauran buɗewa yadda ya kamata. Wanda aka wanke wa haƙora ranar Litinin ya je awo ranar Talata zai zaci an ƙara masa ciwo ne. In har za a kwatanta, a auna kafin aiki, a sake bayan wata 3.

Wasu kuma NFS suke dubawa, wato ƙidayar ƙwayoyin jini, su raba adadin fararen ƙwayoyin da ake kira nutrofil da na limfosit, su gwada da jadawalin da aka yi a Turai. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma masu wannan halitta nutrofil ɗinsu kan yi ƙasa da na Turawa ba tare da wani ciwo ba. Jadawalin wasu ba zai zauna a kanmu daidai ba. Shi kuwa awon VS, na saurin kwanciyar jini a kwalba, ƙarancin jini da juna biyu kaɗai sun isa su ɗaga shi.

Miyau ya fi kusa da wurin ɓarnar, ba ya bukatar allura, shi ya sa masu bincike ke sa rai a kansa. Amma ɗibarsa na da ƙa'idoji, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ana ɗiba da safe, a lokaci ɗaya ga kowa, misali tsakanin ƙarfe 8 da 10, domin abin da ke cikin miyau yana sauyawa da sa'o'in yini. Mutum ya yi aƙalla awa 1 bai ci ba, bai sha ba, bai yi asawaki ba, bai sa goro ko taba a baki ba. Ya kurkure da ruwa zalla, ya jira minti 10. Sannan ya zauna ya sunkuyar da kai, ya bar miyau ya taru ya zubo da kansa cikin kwalbar da ke tsaye a ƙanƙara na tsawon minti 5, ban da kaki, ban da majina. Lafiyayyen baki yakan ba da mililita 0.3 zuwa 0.4 a minti, abin da bai kai 0.1 ba kuwa bushewar baki ce. Dole a rubuta yawan abin da ya fito, domin mai azumi, ko wanda ya yini a rana cikin Afrilu, miyansa kaɗan ne mai kauri, adadin sinadari a kowace mililita zai fito da yawa ko da ciwonsa bai ƙaru ba.

Sai a duba kwalbar a haske. In akwai alamar ja, an zubar a sake wata rana, saboda ɗigon jini yana shigo da sinadaransa ya ɓata lissafi. Matsalar ita ce masu ciwon dasashi su ne bakinsu ke saurin jini, kuma ragowar jan goro na iya ɓoye shi ga ido. Kada a yi amfani da auduga wajen tsotsar miyau, tana riƙe wasu sinadaran. Bayan ɗiba, a wulwula kwalbar a injin da ke da sanyi na digiri 4 don tarkace ya kwanta, a raba ruwan saman cikin ƙananan kwalabe, a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifiri in za a daɗe. Dalilin gaggawar shi ne, miyau na ɗauke da sinadaran da ke cinye furotin, zafi kuma yana ƙara musu kuzari. Kwalbar da ta bi babur daga wata unguwa zuwa labo cikin zafin digiri 42 ba tare da ƙanƙara ba, abin da ya iso ba shi aka ɗiba ba. Haka firizar da wuta ke ɗauke mata, ta narke ta sake daskarewa, kowane zagaye yana rage abin da ake son aunawa, kuma babu wanda zai gane ta kallon kwalbar.

Akwai gwajin gaggawa na aMMP-8, wato MMP-8 ɗin da ke kan aikin yanka, wanda ya samo asali daga aikin masu bincike a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Mutum zai kurkure baki da ruwan gwaji na daƙiƙa 30, a tace, a ɗiga a kan ɗan abin gwaji irin na masassara, cikin kusan minti 5 layi ya fito in adadin ya kai nanogiram 20 a mililita. Ya tsallake matsalar firiza, wannan ci gaba ne. Amma ba ya faɗin wane haƙori ne, ba ya faɗin yawan ƙashin da ya tafi, kuma layinsa na nufin a je a duba baki ne. Su kansu ƙwararrun Amurka da Turai da suka hallara a Chicago a 2017 suka sake tsara rabe-raben wannan ciwo zuwa mataki 4 da daraja 3, sun ware layi a jadawalinsu don alamomin miyau da jini masu nuna zaizayar ƙashi, suka cika gurbin da alamar tambaya.

Gani ya kori ji. Kayan aikin da ke gano ciwon dasashi ɗan tsinken ƙarfe ne mai zanen milimita, ba ya cin wuta, ana dafa shi a sake aiki da shi. Irin na Hukumar Lafiya ta Duniya yana da ɗan dunƙule na rabin milimita a baki don kada ya huda nama, da baƙin zane daga milimita 3.5 zuwa 5.5. Ana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, a miƙe da tsawon haƙorin, da nauyin da bai wuce giram 25 ba, kwatankwacin abin da za ka danna a ƙarƙashin farcenka ya yi fari ba tare da zafi ba. Wuri 6 ake aunawa a kowane haƙori, 3 ta wajen kunci, 3 ta wajen harshe. Milimita 1 zuwa 3 ba jini, lafiya. In baƙin zanen ya fara nutsewa, aljihu ne. In ya ɓace gaba ɗaya, an kai milimita 6, aiki ya yi zurfi. A jira daƙiƙa kaɗan bayan cire tsinken a ga ko jini zai biyo. In wuraren da suka yi jini sun kai 10 cikin 100, akwai kumburin dasashi. Inda ake kuskure: danna tsinke da ƙarfi yana ƙara zurfi da jinin ƙarya, karkata shi yana rage zurfi, dutsen dauɗa kuma kan tare shi a zaci an kai ƙasa. Hoton ƙashi shi ke cike sauran bayani.

Abu biyu ne ke yaudarar ido a bakin mutanenmu. Dasashin da yawa daga cikinmu baƙi ne ko mai dabbare-dabbare tun halitta, don haka jan da littattafai ke kwatantawa ba ya fitowa sarai. Sai a duba kumburi, sheƙi, laushi da jini. Na biyu, sigari yana tsuke ƙananan jijiyoyi, dasashin mashayi ba ya saurin jini ko da ƙashi na tafiya. A tsarin 2017, mai shan kara 10 ko fiye a yini yana shiga darajar da ciwo ya fi saurin ci.

In akwai awon jinin da ya cancanci kuɗin mai ciwon dasashi, na suga ne. Ciwon biyu suna hura wa juna wuta. Suga mai yawa yana tsananta kumburi ya hana rauni warkewa, kumburin kuma yana sa jiki ya ƙi jin insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini. Babban mutum da haƙoransa suka fara girgiɗi, ko ƙurji ke yawan fito masa a dasashi, a auna masa suga ko bai taɓa jin ƙishirwa ko yawan fitsari ba. Ga wanda aka san yana da shi, HbA1c, wato awon matsakaicin suga na watannin baya, in ya kai kashi 7 ko fiye yana sa shi cikin darajar mai saurin ci. Nazarin Cochrane, ƙungiyar masu bitar binciken lafiya, na 2022, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya gano cewa maganin dasashi yana rage HbA1c da kusan 0.4 bayan wata 3 zuwa 4. Ba ƙaramin abu ba ne ga mai fama da kuɗin magani kowane wata. Sai dai a kula, HbA1c ba ya ba da amsa ta gaskiya ga mai sikila, ko mai tsananin ƙarancin jini, ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan. Su sai awon suga na safe kafin karin kumallo.

Mai juna biyu dasashinta kan kumbura fiye da da. Bincike ya nuna alaƙa tsakanin ciwon da haihuwar bakwaini, amma babban gwajin da aka yi a Amurka kan mata 823, aka wallafa a 2006, bai nuna cewa wankin haƙori ya rage haihuwa kafin lokaci ba. Ya dai nuna cewa aikin ba ya cutar da ciki. A yi mata shi don lafiyar bakinta, kada a yi mata alkawarin da ilimi bai ɗauka ba.

Wasu lokuta kuma jinin dasashi ba na dauɗa ba ne, a nan NFS ke da amfani na gaske. Dasashin da ke zubar da jini shi kaɗai, tare da haɓo, ko tabon jini a fata, ko fari fat na tafin hannu, yana iya zama ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini ko sankarar jini, a tafi asibiti ranar. Dasashin da ya yi tozo ya hau kan haƙora a mai hawan jini, a duba ko yana shan amlodipin ko nifedipin, likitansa ne zai sauya, kada ya daina da kansa. Saurayi ko budurwa mai tsabtataccen baki da haƙoran gaba suka fara buɗewa suna motsi, a auna turamen farko da tsinke. Akwai wani jinsin ƙwayar cuta, JP2, da aka fi samu a ƴan asalin Arewaci da Yammacin Afirka, mai cin ƙashin matasa da sauri. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 kuwa, mai tamowa, wanda ya tashi daga ƙyanda ko masassara, dasashinsa ya yi gyambo yana wari, ba a jiran wani awo. Haka noma, wato zaizayar baki, ke farawa, cikin kwanaki take huda kunci, kuma a wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023, Nijar kuma na cikin ƙasashen da take addaba.

Maganin ciwon dasashi na yau da kullum cire dauɗar ne, ta sama da ta cikin aljihu, a wurin likitan haƙori, a sake aunawa da tsinke bayan kusan wata 3. Kafso da ake saye a tebur yana iya kwantar da kumburi na ƴan kwanaki, amma ba ya ratsa daskararriyar dauɗa, ciwon zai dawo. Ruwan kurkura na kulorheksidin mai ƙarfin 0.12 cikin 100 yana taimakawa sau 2 a yini, kada ya wuce mako 2 sai da umarnin likita, domin yana rina haƙora, musamman ga masu zaman shayi a fada. A gida, buroshi mai laushi da man da ke da fulorayid, minti 2, safe da dare. Asawaki yana aiki in an yanke bakinsa sabo, an tauna ya yi laushi, an goga daga dasashi zuwa bakin haƙori, an kuma kai shi bayan turame da ta wajen harshe, inda aka fi mantawa. Ganin jini ba dalilin daina goge wurin ba ne. In na matakin farko ne, cikin mako 1 zuwa 2 zai tsaya, in bai tsaya ba a je a duba.

Muna kira ga likitocin da ke kula da masu ciwon suga su sa duba baki cikin abin da ake yi kowace shekara, kamar yadda ake duba ido da ƙafa. Ma'aikatan CSI, wato ƙananan cibiyoyin lafiya, da ungozomai su riƙa ɗaga leɓen yaro mai tamowa a duk lokacin awo, aikin daƙiƙa 10 ne. Abokan aikinmu na labo su rubuta a takarda wane irin CRP aka yi, na kati ko na inji, da mafi ƙarancin adadin da yake gani. Masu bincike a Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar binciken lafiya ta CERMES kuma, in za a yi aikin miyau a ƙasar nan, a fara da auna lafiyayyun mutanenmu, a rani da damina, masu cin goro da marasa ci, kuma a yi wa kowannensu gwajin masassara a ranar da aka ɗebi jininsa.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiyar baki da na ɗakin awo,
Yamai, Jamhuriyar Nijar.